Sista ta tafi da sunayenmu

Mai bayarwa Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya yi wa Sista rasuwa, babbar nas ta ɗakin ƙarshe a asibitinmu, bayan jinyar kwana biyu kacal.

Sista, shekara shida kina bincike a kanmu, mu masu ɗauke da ƙanjamau, kina farautar ƙwayar cutar nan da ke zame wa irinmu ciwon daji a maƙogwaro ko a bakin mahaifa. Ban shiga don na yarda da ke ba. Na yi karatu, na koyar shekara ashirin kafin a ji ciwona a sallame ni, kuma na ga masu bincike iri-iri: su ɗebi jininka, su rubuta takarda, su hau jirgi. Na faɗa miki haka ido da ido. Kika yi dariya, kika ce in buɗe bakin a duba, tunda dama ba ya rufuwa.

Ba ki taɓa rubuta sunan kowa ba. Lamba kike ba mutum, ki manna a kwalba, sunan kuma ki ajiye a ka. Likitoci sun yi faɗa har sun gaji a kan ki buɗe rajista. Kika ce rajista ƙafa gare ta, kin san wadda ta kashe aure huɗu. In sakamako ya fito ba daɗi, da kanki kike zuwa gida, ba farar riga, ba motar asibiti. Ranar da kika tarar da 'yata a ƙofa, ce mata kika yi ke tsohuwar ɗalibata ce. Har yau tana tambayar ki.

Makon jiya na leƙa ɗakin. Kofin shayinki na nan kan taga. Sabon likita ya ce sakamakon awon ƙarshe ya iso bayan rasuwarki, mutum tara na bukatar magani da gaggawa, kuma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, lambobi kawai ke gabansa.

"Baba, mece ce lambarka?" in ji shi.

Na ce gaisuwa na zo, na fice. Alhali wata uku ke nan ina jin wani abu tsaye a wuyana, ko ruwa sai na runtse ido nake haɗiya.

Ban ce kin yi kuskure ba, Sista. Laifin na waɗanda suka mai da sunan majiyyaci abin ɓoyo ne, kuma suna nan garau. Amma rufin asirin da kika yi mana, ina tsoron kada ya zama likkafaninmu.

Ku da muka yi shekaru a benci ɗaya ba ma haɗa ido, babu mai zuwa ƙofarku kuma. Ku je ku faɗi lambarku.

Allah Ya jiƙan ki, Ya rufa miki asiri a kabari yadda kika rufa mana a duniya. Allah Ya ba maigidanki da 'ya'yanki uku haƙurin rashi.

Tawa lambar ɗari da goma sha huɗu ce. Ranar Litinin zan je. Ku sa ni a addu'a kada in sake cewa gaisuwa na zo.