Ranar da Muka Kai Ƙarar Kwata Abuja

Da asubar Talata muka tashi daga Gyadi-Gyadi, mu huɗu a cikin tsohuwar Fijo ta wani dattijon layinmu. Shekara guda ke nan da komawar mulki hannun farar hula. A aljihuna akwai takarda mai shafi biyu da na rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya.

Maganar kwata ce. Ta toshe, kuma duk damina ruwanta a gidan Mama yake ƙarewa. Mama tsohuwar malamar firamare ce daga Kudancin Kaduna, gidanta ne a gangaren layin, ita kaɗai take zaune. Bara wata biyu katifarta tana kan benci. Ga shi bana har an fara haɗa hadari.

A taron da muka yi, wani ya ambaci kansila. Dattawa suka yi dariya, domin kansilan mazaɓarmu tela ne, shi yake ɗinka musu kayan Sallah. Suka ce magana babba sai babban mutum. Haka shekarun soja suka koya mana. Ni kuwa duk Asabar ina gabatar da shiri a rediyo kan matakan gwamnati uku da aikin kowanne. Na san kwata ba ta da haɗi da Abuja. Amma an ce ni zan yi magana da yawun unguwa, kuma ban taɓa shiga harabar majalisa ba. Na yi shiru.

Hanyar Zariya ta yi mana kyau. Shingayen soja sun ragu ƙwarai, har direbanmu, wato mai motar, yana rage gudu a wuraren da ya saba, sai ya ga ba kowa. A Zariya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan manya ne, uku sun ishi mutum, ba irin namu na Kano da sai ka sa tabarau ba. Bayan Kaduna ƙasa ta yi kore shar, damina ta riga ta sauka a can. A Tafa muka ci sakwara. Doyar da ake sayar mana ƙwaya ɗaya a kasuwar Tarauni, a nan da kuɗinta za ka ɗauki uku, sai ɗaya daga cikinmu ya cika bayan mota har ta zauna.

Abuja ta ruɗe mu. Tituna faɗi-faɗi, babu mai shayi a bakin hanya da za a tambaya. Sau biyu muna wuce kwanar titi ɗaya. Da ƙyar muka isa majalisa bayan azahar, aka rubuta sunayenmu a ƙofa, aka kai mu ofis.

Ɗan majalisar yana zaman kwamiti. Sakatariyarsa, wata Hajiya mai natsuwa, ta ba mu ruwa, ta karanta takardar har ƙarshe. Ta yi mana bayani cikin ladabi cewa aikin ɗan majalisar yin doka ne da sa ido kan yadda ake kashe dukiyar ƙasa, ba shi da lebura ko ɗaya. Kwatar cikin unguwa ta ƙaramar hukuma ce, ƙofarta kuma kansila. Ina cikin yi mata godiya sai ta ɗaga kai.

"Malam, wannan muryar na san ta. Ba kai ne mai shirin Asabar ba? Ai wallahi a bakinka na koyi abin da na faɗa muku yanzu."

Da murnarta ta faɗa. Mai motar ya juyo ya dube ni.

"Ashe ka sani, Malam?"

"Na sani, Alhaji."

Ya miƙe ya nufi ƙofa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A Suleja muka kwana, gidan ɗan'uwan ɗayanmu. Da safe muka kamo hanya. Babu wanda ya yi zancen siyasa, ko rediyon mota ba a kunna ba. Daga Kwanar Dangora muka fara ganin ruwa kwance a gefen titi, a Kura kuwa har gonaki sun cika. Kowa ya gane abin da wannan yake nufi.

Da la'asar muka shiga layi. An yi ruwa jiya da yamma, lokacin da muke neman hanyar fita daga Abuja. Littattafan Mama suna shanye a kan katanga, wasu ɗaliban asibitin koyarwa da ke haya kusa da ita suna kwashe laka da bokiti. Mama ta taso da zaninta a jiƙe har gwiwa.

"Sannunku da hanya. Ɗana, me suka ce?"

Na faɗa mata duka, har da cewa na sani tun kafin mu tashi. Sai ta ce:

"Da ka faɗa a taron nan, ai da ni da sandata na je wurin telan. Ƙafata ba ta kai Abuja, amma tana kai bakin titi."

Washegari na sake rubuta takardar, na canza sunan da ke samanta. Tafiyar minti bakwai ce zuwa shagon kansila. Ya ce tun da aka rantsar da shi babu wanda ya kawo masa maganar, ya kuma saka ta cikin abin da zai gabatar a zaman kansiloli na gaba. Ko za a gyara kafin ruwa na biyu, ban sani ba.

Tafiyar ta nuna mini cewa bayanin mulkin jama'a a gaban makirufo abu ne mai sauƙi, domin babu dattijon da zai yi maka dariya a can. Wurin da ake buƙatarsa shi ne kan tabarmar taron unguwa, kuma a nan ne na rufe bakina. Mama ce ta kwana cikin ruwa saboda haka.