Anti Almakashi, Wadda Ta Sa Yatsu Suka Ga Hoto

Kafin ta isa wurin aiki sai ta tsaya shagon tela na bakin kwana. Telan ya san abin da ya kawo ta, tun jiya ya tara mata ƙyallaye a leda. Su gaisa, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta wuce makarantar makafi. Can ƙarshen baranda ɗakin karatu yake, teburinta yana jikin taga. A kansa akwai kwalbar gam, kwalaye, zare kala-kala, maɓallai, guntun samfefa ta goge katako, da tsohuwar laima da aka riga aka yanke rabinta. Sai ta buɗe littafin labari mai zane, irin wanda yara 'yan shekara goma ke rububi, ta ƙura wa shafi ɗaya ido, sannan ta ɗauki almakashi. Da ƙarar almakashin nan yara ke sanin ta iso, shi ya sa suka laƙaba mata Anti Almakashi, har sunanta na yanka ya ɓace a makarantar.

Aikin da aka ɗauke ta shi ne buga darussa da rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa. Ba wanda ya sa ta sauran. Wata rana ce tana karanta wa 'yan aji wani labari na maciji mai fukafukai da ke aman wuta, sai wani yaro ya tambaye ta ko fiffiken irin na kaza ne. Ta yi bayani, ta sake yi, ta ga bai shiga ba. Washegari ta zo da laimarta, ta yanke ta, ta manna a kwali, ƙarafan suka zama ƙasusuwan fiffike. Yaron ya shafa daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Daga nan aka fara. Yau kantocin ɗakin cike suke da littattafai masu kauri kamar matashin kai: dutsen tsafi na samfefa, gajimare na auduga, gemun tsohon boka na zaren buhu.

Malamin lissafi ya ba ni labarin ranar da Anti take yi wa yara bayanin hular da in jarumi ya sa ba mai ganinsa. Ta dage tana nuna musu abin mamakin da ke ciki, sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, “Anti, ai kowa a ɗakin nan da hular yake yawo.” Ya ce Anti ta yi dariya har da hawaye. Bayan haka ta tambaye su wace hula ce za ta ba su mamaki, suka ce wadda ke ɓoye takun ƙafa da ƙamshin mutum. Haka ta gyara musu labarin, ta kuma gaya musu cewa gyara ta yi.

Ni ta dalilin autata na san ta. Auta tana gani ras har ta kai aji biyar, sai rashin lafiya ta tafi da idon. Yarinya ce da ko abinci take ci littafi na kan cinyarta. Tana tsakiyar wani labari na yarinya mai hawan ƙaton tsuntsu zuwa birnin da ke lilo a sararin sama ciwon ya same ta. Da muka dawo daga asibiti ta tura littattafan ƙarƙashin gado, ta hana kowa taɓawa. Da muka kai ta makarantar makafi kuma ta ƙi ɗora yatsa kan rubutun makafi. Mamarta ce ta gane dalili: a ganinta, in ta koya, ta yarda ke nan idon ba zai dawo ba. Ta daina hira, ta daina faɗa da yayyenta, wanda shi ya fi komai tayar mana da hankali.

Anti ba ta lallashe ta ba. Kujera ta ajiye mata kusa da tebur, ta ci gaba da yankanta. Bayan kwanaki ta ce mata tana haɗa wa yara tsuntsun nan, amma ta rasa da me za ta yi ƙirjinsa, ita kuwa Auta ta daɗe tana kallonsa. Sai da aka tashi, Auta tana laluben ƙofa, ta ce ba gashi ba ne a ƙirjin, sulke ne.

Da na ji haka sai na zo da dabarata ta uba. Na ce wa Anti ta riƙe ƙarshen labarin, kada ta karanta mata, sai ta yarda ta koyi rubutun. Ta ajiye almakashi ta dube ni.

“Baban Auta, an riga an karɓe mata abu babba. Ba zan ƙara karɓe mata ƙarami don in ja ta da shi ba.”

A ranar ta karanta mata har ƙarshe, tana tsayawa kan kowane zane tana faɗin wa ke tsaye, wa ya juya baya, fuskar wa ta canza. Na koma gida ina ganin an yi asarar dama. Makonni suka wuce, sai Auta da kanta ta ce a koya mata. Da mamarta ta tambaye ta abin da ya sauya, ta ce akwai wurin da tsuntsun ya mutu, tana so ta karanta shi ita kaɗai, ba mai jin ta.

Ke ce kika san wannan, Anti, mu da muka haife ta ba mu sani ba. Ke ce mai haƙurin zama da yaro har ya gama fushinsa. Ba ki taɓa cewa “Allah sarki” a gaban ɗayansu ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, almakashi ya fara gagararta, ga wani littafi ta kai rabin haɗa shi, yara na jiran su ji yadda jirgin ruwan da ke tafiya cikin yashi yake. Ta ce hannu ne ya gaji, bakin yana nan: duk Asabar za ta zo ta zauna ta nuna wa wanda ya zo koyo. Na je makon jiya, na yini ina haɗa jirgin. Wani yaro ya shafa shi a hankali, ya tambaye ni cikin ladabi ko kifi ne. Anti ta ce in ƙara masa tsawo in dawo.

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Ku kuma masu karatu, in kuna da hannu biyu da yammacin Asabar, akwai kujeru a jikin teburin nan, kuma har yanzu jirgin bai tashi ba.