Saniyar Maama da Rumfar Baffa

Kakata ba ta taɓa ƙarasa mana tatsuniya yadda mutum zai tashi da gamsuwa ba. Ko dai kananzir ya ƙare, ko ta ce ya kusa ƙarewa, ta hure fitila ta bar mu baki buɗe. An fi shekara talatin yanzu, amma duk ranar da na tuna sai haushin ya dawo mini sabo.

Maama muke ce mata, yadda Fulaninmu ke kiran kaka. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, 'ya'yanta kuwa, wato mahaifina da ƙanensa Baffa Sale, ba sa iya kama sunana, sai dai su ce Uwata. Ƙauyenmu yana ƙasar Miga, a bakin fadama. Kakanninmu makiyaya ne, amma kafin in yi wayo shanun sun ragu, noma ya fi ƙarfi a gidan. Da an idar da sallar isha'i sai a hura wutar kara da busasshen kashin shanu a tsakar gida saboda sauro, mu jikoki mu kewaye ta muna tari, muna jiran Maama ta gama lazimi.

Wutar nan ta ishe mu ganin juna, amma Maama ta ce ita ba ta magana da mutanen da ba ta ganin ƙwayar idonsu. Don haka sai ta fito da fitilar ƙwai daga ɗakinta, ta auna kananzir da murfin kwalba, murfi ɗaya tak, ta zuba. Tsawon tatsuniyarmu ke nan. In ka yi tambaya a tsakiya, daga rabonka ka ci. Akwai wata 'yar baffanmu mai yawan tambaya da muka sha mintsina a kan haka, kuma har yau ban nemi gafararta ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin gari suke yi. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata ta iso da ƙafarta." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wadda ta fi yawan isowa ita ce ta jar saniya. Wai an yi wata mata da ciwo ya cinye mata shanu kaf, ya bar ta da ƙwarya da igiya. Wata rana da hantsi wani baƙo ya biyo ta ƙofarta yana jan saniya ja, ya nemi ruwa. Ta dama masa ɗan abin da ya rage mata na fura. Ya sha a tsaye.

"A tsaye ya sha," in ji Maama. Kullum sai ta maimaita wannan, ta ɗaga yatsa. "Ta shimfiɗa masa tabarma, bai ko dube ta ba."

Da ya gama sai ya ɗaure saniyar a fili, inda ba ko inuwar kara, ya tatsa, madara ta cika ƙwarya har ta zube. Ya miƙa wa matar igiya ya ce, "Na ba ki. Babu irinta a duniya, ki riƙe ta da kyau." Ya juya ya yi gaba da sauri, don wai ana jiransa a wani gari.

Abin da matar ba ta sani ba, saniyar nan ba ta cin ciyawa, ba ta shan ruwa. Rana ce abincinta. Matar kuwa da ta ga rana ta take, ta taɓa gadon bayan saniya ta ji zafi, sai ta shiga tunani. Abin da babu irinsa a duniya ne za a bari a rana? Ta kafa mata rumfa. Madara ta ragu. Ta ce lallai zafi ne ya taɓa ta, ta shigar da ita ɗaki. Madara ta ƙara raguwa. Ta lulluɓe ta da bargon aurenta, ta sayar da 'yan kunnenta ta sayo dusa da kanwa daga gari mai nisa, saniya ko shinshinawa ba ta yi. Har haƙarƙarinta suka fito. Sai ran nan guguwa ta yaye jinkar ɗakin, rana ta sauka a kan saniya, ta miƙe, madara ta dawo. Amma daga nono biyu kawai take zuwa, biyun sun ƙafe har abada.

A nan Maama za ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Laifin wa?"

"Na matar," mu ce, baki ɗaya. Wa zai sa saniya a ɗaki ya rufe ta da bargo in ba wawa ba?

"Allah ya ba ku hankali," in ji ta. Fuf, ta hure fitila.

Na bi ta har ɗaki ba sau ɗaya ba. "Maama, to in ba na matar ba ne, na wa ne? Na saniyar?" Sai ta ce, "Takwara, mai ya ƙare. Ki sayo mini kananzir in faɗa miki." Wata rana na tara kuɗin sallata na sayo mata kwalba guda. Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta tura ƙarƙashin gado, washegari ta auna murfi ɗaya kamar kullum. Ta rasu ina makarantar kwana, ba ta ba ni amsa ba. Da aka zo kwashe ɗakinta, an tarar da kwanukan samira sababbi fil da zannuwan da ba a taɓa ɗaurawa ba, duk a lulluɓe. Na ce a raina, ke ma ai matar tatsuniyar ce.

Na girma, na yi karatu, na kama aikin ofis a Dutse. Da fetur ya yi tashin da kowa ya sani, janareta ya gagare mu, wutar gari kuwa sai ta ga dama take leƙowa. Muka ɗora farantan sola a rufin gidanmu. Wata guda ban ji ƙarar inji ba, ban shaƙi hayaƙi ba, sai na zama mai wa'azin sola. Ko ta'aziyya na je, kafin in tashi sai na yi wa masu makoki bayanin batir.

Baffa Sale na sa a gaba fiye da kowa. Tun rasuwar mahaifina shi ne uba a gare ni, kuma noman rani shi ke riƙe da gidansa: albasa, fangali kusan arba'in a fadama. Injin ban ruwansa na fetur ya tsufa. Duk bayan kwana biyu sai ya ɗaure jarka a babur ya tafi Miga wurin 'yan bumburutu, wani lokaci su ba shi gaurayen mai, inji ya yi ta tari ya mutu a tsakiyar aiki. Mutum ya haura sittin yana jan igiyar inji har kafaɗarsa ta riƙe. Abin yana ci mini rai. Na sayo masa famfo mai aiki da sola, da farantai huɗu a kan ƙafafun ƙarfe. Ban tsaya nan ba, na matsa masa ya rabu da tsohon injin, don na san in yana nan ba zai bar shi ba. Ya ce, "Uwata, a bar shi ko don wata rana." Na ce babu wata rana. Ya sayar.

Ranar da aka kai kayan, ni da mai haɗawa muka isa fadama da hantsi. Ya kafa farantai, ya jona waya, ruwa ya taho ta tiyo da ƙarfinsa, babu ƙara babu hayaƙi. Manoman da ke kusa suka taru suna kallo. Na ce wa Baffa, a gabansu, kuma ba sau ɗaya ba, "Babu mai irin wannan duk yankin nan. Don Allah a kula da shi." Ina da taro a ofis da azahar. Inna Hauwa, matar Baffa, ta aiko da fura da tabarma. Na kurɓa a bakin mota muka kama hanyar Dutse.

Duk sanda na buga waya, Baffa sai ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Abu yana nan kalau. Allah ya yi albarka." Sati uku ana haka. Sai Inna Hauwa ta kira ni da kanta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ya hana ni faɗa miki. Albasa tana mutuwa. Abin naki ba ya kawo ruwa sai ɗan tsirit da safe da yamma. Da bokiti Baffanki yake ban ruwa, jiya da kyar ya iya miƙewa sallar asuba."

Duk hanya ina zagin mai shagon da ya sayar mini, ina shirya maganar da zan yi masa. Na sauka a fadama rana tsaka. Daga nesa na hango wata rumfa sabuwa, ginshiƙai shida, an rufa ta da zana ninki biyu, an ɗaure tsaf da igiyar kaba. Ban taɓa ganin rumfa mai kyau irinta a ƙauyenmu ba. A ƙarƙashinta farantan sola ne a jere, suna shan inuwa, an goge su suna walƙiya. Gefe kuma ga Baffa, wando a naɗe, da bokiti biyu, a cikin rana.

Ban gaishe shi yadda ya kamata ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

"Baffa, wa ya yi wannan rumfar?"

"Ni ne. Kwana biyu na yi ina yinta."

"Sola ce fa, Baffa. Sunanta ma na rana ne. Da me kake so ta yi aiki, da iska?"

Ya ajiye bokitin. "Ranar da kuka tafi, da azahar na taɓa shi, na ji kamar tanda. Na ce in na bar shi haka zai tsage. Ko wayar hannu an ce kar a bar ta a rana. Na ɗauka ta safe ta ishe shi ya tara."

"To da ka ga ruwa ya ragu, ba sai ka faɗa mini ba?"

"Kyauta kika yi mini. In buga waya in ce kyautarki ba ta da ƙarfi?"

Na rasa inda zan sa kaina don takaici. Na dubi albasa, rabin lambun ganye ya yi rawaya ya kwanta. Abincin gida na shekara ne a kwance a wurin. Na ce, "Baffa, kai fa ɗan Maama ne. Sau nawa ka ji tatsuniyar jar saniya? Ashe har da kai a masu rufe saniya da bargo?"

Bai yi fushi ba. Ya share gumi da hular kansa ya ce, "Na ji ta tun ba a haife ki ba." Ya mayar da hular kansa. "Ranar nan na so in tambaye ki abubuwa, Uwata. Sai na ga kina ta duba agogo. Tabarmar da Hauwa ta aiko ma a naɗe aka mayar da ita."

Sai na ga yatsan Maama a ɗage a gaban fitila. A tsaye ya sha. Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan maganar a matsayin cikon tatsuniya, ina jin haushin tana cinye mana kananzir. Mutum ya san saniyarsa rana take ci, ya ba wa matar da duk rayuwarta ta san abu mai daraja inuwa ake kai shi, ya ƙara tsorata ta da cewa babu irinta a duniya, ya kama gabansa. Kunya ta rufe ni a tsakiyar fadamar nan, har na kasa haɗa ido da Baffa.

Tare muka yaye zanar. Kafin mu sauke ta biyu, tiyo ya motsa, ruwa ya taho. Na buga ofis na ce ba za su gan ni ba sai Litinin. Kwana uku na yi. Muka zauna da Baffa da maƙwabtansa a ƙarƙashin rumfar, don mun matsar da ita gefe ta zama ta mutane, suna tambaya ina amsa abin da na sani, wanda ban sani ba in kira mai haɗawa. Ko zafi yana fasa shi? Ko ruwan sama? Me ake yi ranar da hadari ya rufe? Tambayoyi ne masu ma'ana, kuma da na zauna tun farko, awa ɗaya ta isa. Fangali ashirin da biyu suka farfaɗo. Sauran ba su tashi ba.

Yanzu kusan kowane mako sai na ji an kai sola wani ƙauye, an ɗauki hoto, an shiga mota kafin azahar. In daga baya aka ce abin ya mutu, sai ka ji 'yan ofis suna cewa mutanen karkara ba su san darajar abu ba. Da, da ni ake faɗa. Sanin darajar abu ne ya sa Baffa ya kwana biyu yana saƙa zana, ya bar bayansa a rana.

'Ya'yana ma sun san jar saniya. A tsakar gidanmu na Dutse nake yi musu, ƙarƙashin ƙwan sola da ba ya neman murfin kwalba. Ina ɗaga yatsa a inda Maama take ɗagawa, har sau biyu nake maimaitawa. Shekaranjiya na kai ƙarshe na bi su da kallo na ce, "Laifin wa?"

"Na matar," suka ce, baki ɗaya.

Hannuna har ya kai kan makunnin wuta. Na janye shi, na gyara zama a kan tabarma na ce, "Ku dawo. Mu koma wurin da baƙon ya sha fura."