Hajiya Lauratu Mai Tiren Juma'a

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Hajiya Lauratu Shitu a wani asibiti da ke Panyu, bayan ɗan gajeren ciwon huhu. A nan birnin Guangzhou na ƙasar China aka yi mata sutura. Ni Asma'u, abokiyar zamanki a gidan hayarmu na Dengfeng, har yau in na ji motsi a kicin sai in ɗauka ke ce, Yaya.

Da wuya a samu mace 'yar kasuwa daga Kano da ta sauka garin nan ba ki tarbe ta ba. Ni kaina a bakin tashar jirgin ƙasa ta Liuhua kika tsince ni, ina riƙe da akwati ina kuka don na kasa gane hanya. Kika ce, "Share hawayenki, ƙanwata, kowa da kuka ya fara China." Ranar a gadonki na kwana, ke kika kwana a kujera.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, falonmu cika yake da mata, Kanawa da 'yan Nijar da matan zangon Gana. Ki tuƙa tuwon shinkafa, ki kaɗa miyar kukar da ake kawo miki daga gida, ki juye a babban tire ɗaya, mu zagaye shi.

Abin da mafi yawansu ba su sani ba, ni na gani. Ƙiba ta danne ki, ga ciwon suga, ga gwiwa. In kika shiga shago neman riga, tun daga ƙofa masu shagon ke ɗaga hannu suna cewa "meyo", wato babu. Su kuwa mutanenmu yabo suke: "Hajiya, masha Allah, China ta karɓe ki!" Ki yi dariya, sannan ki shige ɗaki ki saki labule, ki yi kwanaki ba wanka ba magana. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ki kan magani. Wasu da suka ji ƙishin-ƙishin suka ce ƙarancin tawakkali ne. Har gobe maganar nan tana ƙona mini rai, don ban taɓa ganin mai tawakkalinki ba.

Da likitoci suka ba da shawarar tiyatar rage tumbi, kika amince, kina fatan damuwar za ta bi ƙibar su tafi tare. Aka yi tiyatar, ƙibar ta tafi, sugan ya sauka. Damuwar ta yi zamanta.

Gaisuwar mutane ta juye. Wanda ya gan ki sai ya riƙe baki: "Sannu Hajiya, kin rame! Lafiya kuwa?" Amma abin da ya fi karya ki, tiren ne. Yanzu loma biyu ko uku ke cika ki. Mu kuwa a tarbiyyarmu, in mai gida ta tsame hannu, baƙuwa ba ta ci gaba da zuba loma. Kina janye hannu sai kowa ta janye, ana ta "alhamdu lillahi" alhali ba wadda ta ƙoshi. Kika ga tuwonki yana kwana, kika ɗauka kin zama mai hana mutane cin abinci. Sai kika daina girkin Juma'a. Falon ya yi tsit, labulen ɗakinki ya sake sauka, wannan karon har na ji tsoron kada ki bar mu tun kina da rai.

Sadiatu, 'yar zangon Kumasi mai tura kaya Gana, ita ce ta ƙi haƙura. Wata Juma'a ta zo da mata, suka zauna a falo ba a gayyace su ba, ta buga ƙofarki ta ce, "Hajiya, mu dai yunwa muke ji, kuma ba inda za mu." Kika fito da idanu a kumbure, kika ɗora tukunya. Da aka ajiye tire kika dube mu kika ce, "An yanke mini tumbi, kuma ina shan maganin damuwa. Ba na ɓoye ko ɗaya daga yau. Ku ci, hannuna ba zai fita ba."

Bai kuwa fita ba. Kina mulmula loma guda a hankali, kina jan hira, kina tura wa wannan tsokar nama, har sai ta ƙarshe ta ƙoshi. Haka kika yi kowace Juma'a har kwanciyarki. Daga baya mata suka riƙa jan ki gefe suna faɗa miki abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, ke kuma ki raka su wurin likita da kanki. Ba zan ce kin warke ba. Akwai ranakun da labulen ke sauka, sai dai kin daina kulle ƙofa.

Wuri ɗaya ya rage da kika kasa tunkara: gida. Tun bayan tiyatar ba ki je Kano ba, kina tsoron mahaifiyarki Inna ta gan ki a rame ta fashe da kuka. Sai a watan jiya kika ce kin shirya, da ita za ki yi azumin bana. Allah bai nufa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Shehu da Saffana, da 'yan uwa na Fagge, da dukan matan da suka ci daga hannunki. Inna, ke da ba ki gan ta ba, kada wani ya ce miki wahala ce ta ramar da 'yarki. Shekarun da kika san ta tana salla kan kujera sun wuce. Da goshinta a ƙasa take sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba, kuma sunanki nake ji tana ambata.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Lauratu, Ya gafarta miki, Ya sa jinyar da kika sha, ta ɓoye da ta bayyane, ta zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya hutar da zuciyarki hutun da ba ta samu a duniya ba. Mu da kika bari, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.