Buzun da Ke Ɗaura Mini Ƙudan Fatsa

Shekarar da aka kawo ni Yamai daga Damagaram ban san kowa a garin ba. An ba ni aiki a sarbis ɗin ruwa, wato ma'aikatar ruwa, aikin kuwa bai taka kara ya karya ba. Safe da yamma nakan sauka bakin kogi in duba wani dogon ƙarfe mai lambobi da aka kafa kusa da gada, in rubuta inda ruwa ya tsaya, in kai biro, wato ofishinmu. Matata na baro ta wajen mahaifiyata da ƙaramin ciki, don ɗaki ɗaya na samu a wani gidan haya a unguwar Lazare, ko taga ba shi da ita.

Soja ne ke mulki a lokacin, kowa ya iya bakinsa. A gidan namu akwai wani malamin lekwal, wato makarantar boko, mutumin Maraɗi, mai son raha. Shi ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, ya ɗora shayi, mu taru. Wata rana da hantsi jandarmomi suka je har ajinsa suka tafi da shi. Ba wanda ya faɗi dalili, ba wanda ya tambaya. Tun daga ranar aka naɗe tabarmar. Kowa ya dawo daga aiki sai ya yi sallama a taƙaice ya shige ɗakinsa. Ni ma haka na koma yi, sai dai ɗakina zafi gare shi, ba ya zaunuwa kafin magariba.

A biro ɗinmu akwai wani Bature injiniya da ke zuwa kamun kifi ranar Lahadi. Sau biyu ko uku ya gan ni tsaye ina kallonsa. Da wa'adinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya kira ni ya miƙo mini wata doguwar jaka. A ciki akwai sandar fatsa siririya mai gaɓa uku da ake harhaɗawa, da ɗan faifan naɗe zare, da gwangwani cike da ƙugiyoyi da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. Ya ce a harshensu ƙuda ake kiran su, don kifi yana ɗauka ƙwaro ne ya faɗo ruwa. Akwai kuma wasu ƙarafa biyu masu ƙyalli kamar bakin cokali, su ja ake yi a cikin ruwa. A filin biro ya nuna mini yadda ake wurga zaren baya, a ɗan jira ya miƙe, sannan a turo shi gaba. Sau ɗaya ya nuna mini, washegari ya hau jirgi.

Na sha wuya kafin in iya. Zaren ya naɗe mini wuya, ƙugiya ta cire mini hula, wata rana ma ta kama ni a kunne sai da wani mai wanki ya cire mini. Masuntan Zabarmawa da ke gyaran taru a bakin ruwa suka yi ta dariya. Ɗaya daga cikinsu da ke jin Hausa ya tambaye ni ina tanar da zan sa a ƙugiyar, na ce ba a sa tana. Ya fassara wa sauran, suka ƙara fashewa. Ban ji haushi ba. A duk yinin su kaɗai ne suka yi mini magana da ba ta aiki ba.

Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Ruwa ya yi ta ja da baya har ya bar ƙarfen da nake dubawa tsaye a kan yashi. Duwatsun da tsofaffin masunta suka ce ba su taɓa gani ba suka fito fili. Mutane suka fara tsallakawa zuwa Haro Banda, unguwar da ke ƙetaren kogi, da ƙafa, suna riƙe da takalma a hannu. Abin da ya rage sai ramuka masu zurfi nan da can, kifi ya taru a cikinsu. Garin kuma ya cika da mutanen arewa da fari ya koro, suka kafa rumfunan buhu da tsumma a bayan unguwarmu.

Ƙudajen Bature suka yi ta ƙarewa. Wasu sun maƙale a duwatsu, wasu kifin tsage ya datse da haƙoransa ya tafi da su. Da suka rage uku sai na sayi ƙugiyoyi a kasuwa, na roƙi tela ɗan zare, na tsinci gashin kaza, na zauna ina ɗaurawa da kaina. Wurgi biyu sai gashin ya zame ya bar ƙugiya tsirara.

Akwai wani dattijo da nakan tarar a kan wani faffaɗan dutse kusa da ramin da nake zuwa. Buzu ne, rawaninsa ya koɗe, ya rufe fuska sai idanu. Ba ya roƙo, ba ya wanki, ruwan kawai yake kallo. Mun yi makonni ba abin da ke haɗa mu sai sallama. Ran nan na jefar da wani ƙudan da ya warware, sai ya tashi ya ɗauko shi, ya jujjuya a tafin hannu.

Ya kira ni yadda ake kiran ma'aikata, ya ce, "Mushe, wannan ɗaurin ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Ba ni na Nasaran in gani."

Na ba shi. Ya daɗe yana dubawa, har ya sa farce ya bi zaren. Sannan ya ce in bar masa ƙugiya biyu zuwa gobe.

Washegari ya zo da su ƙulle a bakin rawani. Ya samo gashin zabo a wajen masu fige kaji, ya zaro jan zare daga tuntun wata tsohuwar jakar fata, ya haɗa da farin gashin jelar akuya. Ɗaurin ya yi lumui, ko bakin zaren ban gani ba. Da na ba shi labarin haƙoran tsage, sai ya ce in nemo masa tsohuwar wayar birkin keke. Ya warware ta sili-sili, ya ɗaura sili ɗaya tsakanin ƙugiya da zare. Ya ce tun yana yaro yake tufka igiya da ragamar raƙumi, hannunsa ne ya gaji da zaman banza.

Daga nan muka saba. Ni in shiga ruwa zuwa gwiwa ina wurgi, shi yana kan dutse yana ɗauri. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma na koyi shiru a garin nan. A hankali na ji cewa daga wajen Abalak ya fito. Bai taɓa faɗa mini yawan raƙuman da ya rasa ba, sai dai yakan ambace su ɗaya-ɗaya da launinsu da halinsu, wadda ke cizo, wadda ba ta shan ruwa sai an yi mata fito. Matarsa ta rasu a hanya. Ɗansa ya nufi Najeriya neman aikin gadi, shiru har lokacin. Yana zaune da ɗiyarsa da jikoki biyu a rumfa. Ya ce yana zuwa kogi ne don a can ba a zancen komai sai layin rabon dawa.

Wata Asabar da yamma na jefa ƙudansa na gashin zabo a gindin wani dutse, na fara ja a hankali. Sai na ji an fizge sandar kamar za ta bar hannuna. Tsage ya yi tsalle ya fito duk jikinsa, jelarsa ja, ya faɗa ya sake fitowa. Faifan zaren yana ta ƙara. Na waiga na ga dattijon ya miƙe tsaye a kan dutsen, abin da ban taɓa gani ba, yana cewa in sassauta masa, kada in yi gardama da shi, a bar shi ya gaji kamar yadda ake yi wa ɗan raƙumi. Haka na yi. Da na jawo kifin kan yashi tsawonsa ya kai damtsena zuwa yatsu. Wayar birkin ta lanƙwashe amma ba ta tsinke ba. Ya tsuguna ya duba ɗaurinsa a bakin kifin, ya gyaɗa kai.

Na ce ya ɗauka ya kai gida. Ya ce su ba sa cin kifi, tun kakanni. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Can sai ya ce in kawo. Akwai wata Bazabarma mai tuyar kifi a bakin hanya, ya kai mata, ta auna masa gero. Daga ranar duk abin da na kama, ko karfasa ce ko tsage, ta nan yake bi, sai wanda na ɗebe na miya.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo cewa matata ta sauka, an samu ɗiya mace. Na nemi izinin tafiya suna, shugabanmu ya ce ba a ba da hutu a wannan hali da ake ciki. Na yini da wasiƙar a aljihu ban gaya wa kowa a biro ba. Da yamma na gaya wa dattijon. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, rabi da Larabci rabi da harshensu. Ranar suna na zo da ganyen shayi da sukari da gawayi, ya dafa mana a kan dutsen har zagaye uku. Ban ko harhaɗa sandar ba a ranar. Wannan shi ne taron sunan ɗiyata ta fari da na halarta.

Gab da damina aka fara jin cewa za a mai da mutanen rumfuna garuruwansu. Na tambaye shi, ya ce shi ma ya ji, amma ko an kai shi can ba abin da zai tarar sai rijiya. Bai ƙara ba, ya ci gaba da ɗaurin da yake yi.

Ranar Litinin na zo ban same shi ba. Talata ma haka. Laraba da na tashi daga aiki na zarce bayan unguwa. Wurin ya zama fili, sai duwatsun murhu da turaku da sawun tayoyin kamiyo, manyan motocin kaya. Wani soja yana zaune a inuwar itacen bedi da bindiga a cinya. Ya tambaye ni abin da nake nema. Na buɗe baki, sai na tuna malamin lekwal, na ce ba komai, wucewa nake. Na juya na tafi. Har yau in na tuna nakan ji ba daɗi, don wataƙila da na tambaya da ya faɗa mini inda aka nufa da su.

Na ci gaba da zuwa ramin ni kaɗai. Masuntan suka tambaye ni ina abokina, na ce ya yi tafiya. Ba a jima ba ruwan sama ya sauka, kogi ya dawo jajawur da laka, ya shafe dutsen da ramin gaba ɗaya. A irin wannan ruwa kifi ba ya ganin ƙuda, sai na naɗe sandar. Bayan shekara na samu gida mai ɗaki biyu a unguwar Dar es Salam, na ɗauko iyalina, yarinyar har ta fara tafiya, tana ganina ta ɓuya bayan uwarta.

Shekaru da yawa bayan haka aiki ya bi da ni ta Abalak ranar kasuwa. Na bar abokan tafiya suna cin abinci, na shiga wajen masu sai da igiya da kayan raƙumi ina tambaya. Sunansa kawai na sani, sunan kuwa rabin mazan kasuwar shi gare su. Wani ya ce ko wanda ya koma Agadas ne, wani ya ce a'a, wancan bai taɓa zuwa Yamai ba. Suna cikin musu direbanmu ya yi ta danna oda, na yi musu godiya na koma mota.