Karkataccen Lofen Maigidana

Na gyara wa maigidana lofensa a Guangzhou, gyaran kuma shi ya mayar da shi gida.

Lokacin ba mu da yawa a garin. Kasuwar Bangkok ta lalace, 'yan kasuwarmu suka fara tsallakowa China, ni ma na biyo su. Aikina ɗaurin kaya. A sayo riguna da wanduna a titin Guangyuan, kusa da tashar jirgin ƙasa, in danne su a buhu, in ɗinke, in bi mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Huangpu a loda a kwantena. Hannuna abu ɗaya ya sani: abin da ya saki a matse shi, abin da ya karkace a miƙe shi.

Maigidan nawa dattijo ne daga Maraɗi. Shi ya tsince ni a tasha ba ni da wurin kwana, ya ba ni katifa a ɗakinsa. Mutanen gida ke aiko shi sayen kaya, don sun yarda da idonsa da ƙafarsa. Duk ranar da aka ji ƙarfinsa ya ragu, aike zai tsaya. In aike ya tsaya, zamansa ya ƙare, nawa ma haka.

Yana da lofe na farin dutse mai taushi, irin wanda ake haƙowa a Turkiyya. An sassaƙa shi kan mutum mai gemu da rawani, hayaƙi ya rina shi ya koma launin zuma. Sandar da ake cizawa rawaya ce, tana shiga jikin dutsen da wani ɗan ƙashi mai zare kamar noti. Kullum lofen na bakinsa, da wuta ko ba wuta. Alhazan Kano suna yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

A wata damina na lura sandar ta wuce wurinta. In ka riƙe ta daidai, mai rawanin sai ya kwanta gefe kamar wanda barci ya ɗauke a mota. Abin ya tsaya mini a rai. Na yi masa magana.

Ya ce, "Bakano, buhu aka ba ka ko lofe?"

Na ɗauka rowar kuɗin gyara ce.

Wata safiya ya tafi ofishin masu jirgin ruwa a Tianhe. Can ba a shan taba, sai ya bar lofen, ya ce in taho masa da shi Huangpu da la'asar. Na ɗauka na nufi wani tsohon Basine mai gyaran tabarau a bakin titi. Na kwance sandar, na nuna masa ƙashin, na ce, "Lawban," wato maigida, na yi masa alamar ina son sabo.

Ya ce, "Meyo." Babu. Kalmar da na fara koya a ƙasar ke nan.

Amma bai kore ni ba. Ya tsiyaya ruwan zafi daga fulas ɗin shayinsa a murfi, ya tsoma ƙashin kaɗai. Da na kai hannu ga dutsen ya buge mini yatsa: ruwa ba ya taɓa shi. Zafi ya sassauta gam ɗin da ke riƙe da ƙashin a cikin sanda. Ya ba ni in mayar. Na murɗa yadda na saba, ya yi ƙara ya riƙe mini wuyan hannu. Dutsen ba ƙarfe ba ne, tsagewa yake. Ya nuna mini in ci gaba da juyawa gaba, a hankali, kada in koma baya, har sandar ta zagayo ta tsaya daidai da hancin mai rawani. Muka bar shi ya huce. Ya tsaya cak. Na dawo ina jin daɗi, abin da na daɗe ban ji ba.

A Huangpu ana zafi mai danƙo. Muna zaune kan buhuna muna jiran kwantena, mu da wani Alhaji na Kano da ke haɗa lodi da maigidana. Na miƙa wa maigidana lofen cikin ɗan akwatinsa, ban gaya masa na gyara ba. Suna gardamar lodi, ya cusa taba bai duba ba, ya kunna, ya sa a gefen hagu na bakinsa inda ya saba.

Lofen ya kife. Garwashin taba ya zubo masa a bayan hannun hagu, ya zauna. Bai janye hannun ba. Ya ci gaba da magana, fata na ƙonewa.

Alhajin Kano ne ya kaɗe wutar da hularsa. Ya dubi hannun, ya dubi fuskar. Ni ma sai a lokacin na duba da kyau. Bakin ya zame ƙasa ta hagu, gemu ne ya rufe. Ashe shi da kansa ya murɗe sandar, don in ya cije ta da karkataccen baki lofen ya tsaya daidai, kowa ya ɗauka riƙon lofe ne ya ja leɓen.

Alhajin ya ce, "Baba, tun yaushe?"

"Lahiyata lau."

"Ɗaga hannun mu gani."

Bai ɗaga ba. Ya juyo gare ni. "Wa ya aike ka, Bakano?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Alhajin bai yi don mugunta ba. Ya kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya buga waya Maraɗi. Daga nan aike ya tsaya. Babban ɗansa ya zo ɗaukarsa.

Ana gobe za su tafi, yana zaune bakin katifa ina ɗaure masa akwati, ya tura mini lofen da hannun dama.

"Maida shi yadda ka same shi."

Na dafa ruwa a butar shayi. Na tsoma ƙashin, na mayar, na juya gaba a hankali. Ina juyawa yana gwadawa a baki, yana cewa ƙara, ƙara, har ya ce tsaya. Mai rawanin ya koma ya kwanta gefe a hannuna, a bakinsa kuma ya miƙe.

Ya ce, "Ka iya aiki. Tambaya ce ba ka iya ba."

Da shi a baki ya shiga motar filin jirgi. Ban sake ganinsa ba. Ɗakin ya fi ƙarfina, na koma kwana a sito kan buhunan wasu. Na yi shekaru a haka, bayana ya gaji kafin ni.

Yanzu ina Kano, ina gadin wani siton atamfa a bayan Kantin Kwari.