Takun Baba a Gonar Gero

Tun daga nesa mutanen Tozai ke gane babanmu, tun kafin fuskarsa ta fito. Tafiyarsa ce ke tona shi. Dogon mutum ne, amma takunsa gajere, cak-cak-cak, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ma'aikacin reluwe ne a Kaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare, mu kuma muna gida da Inna. Sai ya yi wata biyu bai zo ba, rannan sai mu hango shi ya sauko daga motar garin Isa da jakarsa a kafaɗa.

Ni ce babba a gidan, kuma Allah ya yi ni da bin diddigi. Ina da shekara tara na fara bin sa a baya idan za shi masallaci, ina sa ƙafata a sawunsa. Abin da ya ɗaure mini kai, ko ban miƙa ƙafa ba nake cimma sawu na gaba. Na gwada da sawun Baffa, yayan Baba, sai da na yi tsalle. Na tambayi Inna, ta ce in bar ta ta ji da dakanta. Na tambaye shi da kansa, ya dube ni ya ce, "Haka Allah yay yi ni." Ban yarda ba, don na ga hotonsa na samartaka, kuma mai wannan tsayuwar bai yi mini kama da mai tafiyar kaza ba.

Sai da aka yi hutun makaranta ya tafi da ni Kaura na sami amsa. Ni a zatona shi ke tuƙa jirgin, har na sha faɗa wa ƙawayena haka. Ashe aikinsa bin layi ne a ƙasa. Da an idar da sallar asuba zai saɓa doguwar guduma da sifana, ya hau tsakiyar layin ya miƙe. Yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana saurare. Idan noti ya kwance, ƙarar daban take, sai ya durƙusa ya ɗaure. A ƙarƙashin dogayen ƙarafan nan biyu akwai waɗansu da aka jera a gicciye, tazararsu ɗaya tun daga tasha har inda ido ya ƙare, tsakaninsu kuma tsakuwa ce mai cin ƙafa. A kansu yake takawa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda. Na tsaya ina kallon ƙafafunsa har ya juyo ya ce ko wani abu ya cije ni. Sau ɗaya jirgi ya shigo a makon nan, na kalle shi, na ji ƙararsa har cikin haƙarƙarina, amma murnata ta fi yawa a kan abin da na gano.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan tafiya. Da ya bar gida, gonar geron da ya gada ta koma hannun Baffa, shi ke nomawa ya ba mu rabonmu. Ina da shekara goma sha bakwai Baba ya yi ritaya, ya dawo da akwatin ƙarfe da gudumarsa, kuma bai yi mako guda ba ya ce yana son gonarsa.

Baffa bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi a zaure, ina jin su ta bayan zana.

"Gonar ga gida biyu taka ciyarwa," in ji shi. "Za ni ba ka damina biyu. In ba ta yi ba, ta komo hannuna, kai ka zamna ka ci fansho."

"Yaya, ni ma ɗan manomi na," Baba ya ce.

"Na sani. Damina biyu."

A wajenmu, idan ruwan shuka ya sauka, namiji ne ke shiga gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar saran shuka. Kowane taku, sara ɗaya. Mata da yara na biye da ƙwaryar iri, su zuba a rami su rufe da diddige. Ba wanda ke awo, ƙafar mai sara ce ma'auni. Baba ya hana kowa taɓa sungumin. Ya ja igiya daga wannan iyaka zuwa waccan don layi ya miƙe, ya sare gonar shi kaɗai cikin yini biyu.

Da geron ya tsiro, har tsayawa masu wucewa suke yi su kalla. Layi ɗoɗar, ganye shar, ba ka ganin ƙasa. Baba ya riƙa zagayawa da hannu a baya, yana amsa gaisuwa a hankali. Amma da lokacin fitar da kai ya yi, sai karan ya tsaya siriri, zangarniyar kuma ba ta wuce tafin hannu ba. Abin da muka ɗaure bai kai rabin na bara ba. Baba ya ce taki ne bai isa ba. Daga baya ya ce iri ne. Baffa ya zo ya duba rumbu, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don ruwan da ya sauka a gonarmu shi ya sauka a ta maƙwabta, kuma irin ɗaya ne. Bayan an kwashe kara na tafi neman itace, na ratsa ta gonar maƙwabcinmu, sai na ga ina wucewa tsakanin tushiyoyi a sake. Da na shigo tamu sai tuntuɓe. Na ajiye igiyar itacen na fara awo da tafin ƙafa. Tsakanin tushiya da tushiya, a tasu ƙafata huɗu, a tamu uku ma da ƙyar. Na koma na sake, na je wani gefen na sake. Ashe layin dogo Baba ya shimfiɗa mana a gona. Ƙasarmu rairayi ce, ruwanta kaɗan, gero idan ya matsu da ɗan'uwansa duk su biyun yunwa suke ji.

Na ruga na faɗa wa Inna. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane.

"Tun ranar shuka nig gani," ta ce. "Baffanku ma ya gani."

"To don mi ba ku hwaɗa mai ba?"

"In ce mai mi? Ya canza ƙahwa?"

Na ji haushinsu ƙwarai, su duka biyun. Damina ɗaya ta rage, kowa ya san ciwon, an bar mutum yana zargin taki. Washegari da hantsi na kai masa fura a gindin bishiyar bedi, na durƙusa, na faɗa masa duk abin da na auna. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwanon.

"Ƙahwa nawa kic ce?"

"Huɗu, Baba. Tamu ukku."

Ya ɗaga kwanon ya sha furarsa. Amma daga ranar na riƙa leƙen sa a bayan gida bayan la'asar, yana koyon tafiya. Zai buɗe ƙafa ya yi taku biyar, shida, manya-manya, fuska a murtuke. Kafin taku na goma ƙafar ta koma gidan jiya ba da saninsa ba. Sai ya tsaya, ya koma farko. Da fari dariya nake ƙunshewa, daga baya na daina leƙen, don tausayi yake ba ni. Da ya ga ƙafa ta ƙi, sai ya koma dabarar ma'aikata. Ya sami doguwar igiya ya ƙulla mata ƙulli a kowace tazara, ya ce a kan ƙulli zai riƙa sara.

Ruwan shuka na damina ta biyu ya sauka ranar wata Laraba, kuma bai yi yawa ba. Irin wannan ruwan, wanda bai shuka a yini ɗaya ba ya makara. Muka fita da sassafe. Igiyar ta yi aiki, amma kowane layi sai an cire turke, an matsar, an ja, an sake kafawa. Rana ta take muna kusurwa ɗaya, saman ƙasa ya fara yin fari. Mutanen Baffa sun gama tasu gonar, shi kuma ya zo ya tsaya a kan iyaka da sungumi a kafaɗa, yana kallonmu.

Baba ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsu, ya ga inda laima ta tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi sauran gonar. Sannan ya miƙo mini sungumin.

"Amshi. Ki yi tahiyarki yadda kika yi kullum."

Ban taɓa ganin budurwa ta yi saran shuka a garinmu ba, na dubi Inna, ta kau da kai. Na karɓa. Baba ya ɗauki ƙwaryar iri daga hannun ƙanwata, ya shiga sahun mata a bayana, yana zubawa yana rufewa, a gaban yayansa da duk wanda ya bi ta hanyar. Hannuna ya yi kanta kafin la'asar, amma ban yarda na waiwaya ba. Mun gama ana kiran magariba.

Da kaka ta yi, Baffa ya zo muna ɗaurin dami. Ya zaro zangarniya ɗaya, ta kai tsawon kamu, ya murza ya hura ƙaiƙayin, ya duba ƙwayar a tafinsa.

"Wa yay yi saran ga?" ya tambaya, alhali a gabansa aka yi.

Da a ce Baba ya ce mu ne, ba wanda zai ƙaryata shi. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗiyata ta. Ni bin ta niy yi."

Baffa ya watsa ƙwayar a baki ya tauna.

"To ku riƙe gonarku," ya ce.

Na sunkuya a kan damin da nake ɗaurewa, na daɗe ban ɗago ba.